Otal a Kan Dutse: Yadda Tiga Ta Gina Masauki Ta Zauna Jiran Baƙo

Duk wanda ya bar birnin Kano ya miƙa hanyar Zariya, ya wuce Kura da gonakin Kadawa, sannan ya ratse hagu ya nufi Tiga, tafiyar kimanin kilomita 70, zai tarar da abubuwa biyu da aka gina a zamani ɗaya, a ƙarƙashin gwamna ɗaya. Na farko ita ce madatsar ruwa, wadda har gobe take shayar da gonakin shinkafa da tumatir da alkama, take kuma taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. Na biyu shi ne otal ɗin Rock Castle, wanda aka ɗora a kan dutse yana leƙen tafkin, domin baƙo ya kwana ya tashi da hantsi ya ga ruwa iya ganinsa. Madatsar tana raye. Otal ɗin kuwa ya shafe shekaru masu yawa yana lalacewa, ana yi masa alkawarin gyara.

Me ya raba makomar waɗannan tagwaye? Amsar ba ta tsaya ga sakaci kaɗai ba, ko da yake sakacin yana nan. Tana cikin tarihin yadda baƙunci yake kafuwa a wuri, da yadda yake gushewa. Domin a fahimce ta, sai an koma baya sosai, an kuma leƙa wani tsibiri mai nisa da ya yi nasara a sana'ar da Tiga ta gwada.

Dutsen da ya daina aman wuta

Idan aka ce dutse mai aman wuta, tunanin mai karatu yakan tafi Italiya ko Indunusiya. Amma jihar Kano tana da nata, sai dai ya mutu tun kafin a yi ɗan Adam. Duwatsun Riruwai, a ƙaramar hukumar Doguwa, saiwar wani tsohon dutse mai aman wuta ne da ya yi zamaninsa kimanin shekara miliyan 170 da suka shuɗe. Ruwa da iska sun cinye samansa, suka bar zoben duwatsu masu tauri da ake gani a yau. Yana cikin jerin irin waɗannan zobba da suka taso daga duwatsun Azbin a Nijar suka gangaro har tsaunukan Jos. A nan ne ƙasar Kano ta fi tudu, tsayinta ya haura mita 1,000 daga doron teku, shi ya sa iskar wurin da yawan ruwan samansa suka bambanta da na birni.

Wannan tsohuwar wuta ta bar wa yankin gado biyu. Na ɗaya ma'adinai: kuza da tutiya da sauransu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai suke haƙar kuza, su narka ta, su zuba ta siriri kamar tsinke, fatake su kai kasuwar Kano. Ganin wannan dalma a kasuwannin ƙasar Hausa yana cikin abin da ya sa Kamfanin Neja ya aika masu bincike su nemo tushenta a farkon ƙarni na 20, har aka buɗe ma'adinan Jos. Na biyu kuma ruwa: daga waɗannan tuddai na kudu ne Kogin Kano yake tattara ruwansa, ya ratsa dajin Falgore, ya gangaro arewa. Ruwan da yake kwance a Tiga a yau, a wani ɓangare, kyautar wancan dutse ne.

Baƙon da Bebeji ta sani

Yankin nan bai jira ƙarni na 20 ba kafin ya san baƙo. Bebeji gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zazzau, hanyar da take kaiwa har Nufe da Gwanja, ƙasar goro. Baturen nan Hugh Clapperton ya ratsa garin a 1826 kan hanyarsa ta zuwa Kano, ya same shi cike da 'yan kasuwa. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, a gidan fatauci. Kuma saboda garin yana kan hanya ne ya zama wuri na farko da dakarun Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa ƙofarsa da igwa a farkon Fabrairun 1903, kwana biyu kafin su ci Kano.

Tsarin masaukin wancan zamani yana da sauƙin fahimta. Ayari ya yada zango a bayan gari. Manyan fatake su sauka a gidan fatoma, wanda yake ba su ɗaki da abinci, ya adana musu kaya, ya haɗa su da mai saye, ya karɓi ladansa. Mata su sayar da fura da tuwo, yara su kawo ciyawar jakuna. Babu wanda ya gina zango sannan ya tafi neman ayari. Ayarin ne yake fara wucewa, masaukin ya biyo baya. Ranar da hanya ta kauce, kamar yadda ta kauce bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, zangon yakan yi shiru da kansa.

Akwai kuma wani abin lura. Bahaushe matafiyi ne tun asali, har yana cewa tafiya mabuɗin ilimi. Amma tafiyarsa tana da dalili: fatauci, ci-rani, almajiranci, ziyarar dangi, aikin Hajji. Mutum ya ɗauki kuɗinsa ya je wani wuri domin kawai ya kalli ruwa da dutse, ya kwana ya biya, ya dawo hannu rabbana, wannan baƙuwar al'ada ce. Sunan da aka laƙaba mata ma, yawon buɗe ido, yana ɗauke da ɗan ƙamshin zargi, domin kalmar yawo ba ta cika zama yabo ba.

Funshal: inda baƙo ya riga otal zuwa

Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san Funshal a matsayin garin da aka haifi Cristiano Ronaldo a 1985. Shi ne babban birnin Madera, tsibirin ƙasar Fotugal da ke cikin tekun Atlantika, yamma da gaɓar Maroko. Tsibirin gaba ɗayansa ƙoƙon wani dutse mai aman wuta ne da ya taso daga ƙarƙashin teku, ƙololuwarsa ta haura mita 1,800. Mutanensa ba su wuce kimanin dubu 250 ba, amma baƙin da suke sauka a shekara sun haura miliyan ɗaya.

Wanda ya ga birnin a yau, da otal-otal ɗinsa a bakin teku, da keken igiya mai hawa da mutane unguwar Monte a kan tudu, da kasuwar furanni da kifi, zai zaci an tsara shi ne tun farko domin 'yan hutu. Tarihinsa bai nuna haka ba. Mutanen Fotugal sun zauna a wurin tun shekarun 1420 domin noma rake, daga baya inabi. Abin da ya kawo baƙi shi ne hanya: jiragen ruwa masu zirga-zirga tsakanin Turai da Afirka da Amurka suna tsayawa a nan su ɗebi ruwa da guzuri, daga baya gawayin kwal. A ƙarni na 19 likitocin Ingila suka riƙa tura masu tarin fuka su yi hunturu a tsibirin saboda sassaucin iskarsa. Wani ɗan Sikotilan mai suna William Reid, wanda ya zo yana yaro, ya fara da ba irin waɗannan baƙi hayar gidajen gona da kayan ɗaki. Fatoma ke nan, a wani harshe. Sai da ya shekara da shekaru a wannan sana'a sannan ya fara gina babban otal a kan wani dutse mai leƙen teku. Ya rasu kafin a kammala, 'ya'yansa suka buɗe shi a 1891. Winston Churchill ya sauka a can a 1950, kuma otal ɗin Reid's yana aiki har yau.

Wani abin da ya fi kusa da labarin Tiga shi ne magudanan ruwa. Arewacin Madera yana samun ruwan sama da yawa, kudancinsa kuma, inda gonaki suke, yana da ƙarancinsa. Tun ƙarni na 15 mutane suke sassaƙa ƙananan magudanai a jikin duwatsu, waɗanda suke kira lebada, suna jawo ruwa daga wancan ɓangare zuwa wannan. A gefen kowace akwai siririyar hanya da masu kula da ita suke bi. Waɗannan hanyoyin ma'aikata su ne suka zama abin da baƙi suka fi zuwa bi da ƙafa a yau. Ba a gina su don baƙo ba. An kula da su ne saboda manomi, baƙo ya zo ya tarar da su a gyare.

Audu Baƙo da shekarun yalwa

A watan Mayun 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya jihohi 12, ya naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo gwamnan sabuwar jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau. Jiha ce mai cunkoson jama'a, mai gajeriyar damina. Audu Baƙo ya sa ruwa a gaba. Aka fara da ƙaramar madatsar Bagauda, wadda aka raɗa wa sunan sarkin Kano na farko, domin gwada noman rani a Kadawa. Daga nan aka shiga babban aiki: tsakanin 1971 da 1974 aka datse Kogin Kano a Tiga da bangon ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 6, tsayinsa kusan mita 48. Tafkin da ya taru ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178, yana iya ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. An yi wannan aiki ne a daidai lokacin da fari ya addabi yankin Sahel, daga 1972 zuwa 1974, don haka babu mai tambayar amfaninsa. Amma yana da farashi: an tashi ƙauyuka, gonaki da kushewun kakanni suka nutse, kuma can ƙasa, a fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar shekara-shekara da manoma da masunta da makiyaya suke dogaro da ita ta ragu.

Gwamnan bai tsaya ga noma ba. Ya hango wata Kano da baƙo zai zo ya huta. A birni aka buɗe gidan namun daji da yake ɗauke da sunansa a yanzu. A bakin tafkin Bagauda aka gina babban otal. A Tiga aka ɗora Rock Castle a kan dutse. Can kudu kuma ga gandun dajin Kogin Kano, wanda Turawa suka keɓe tun zamanin mulkinsu, aka ɗaga darajarsa zuwa gandun namun daji, wato Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, a yankin Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Idan aka jera su sai a ga zare ɗaya: baƙo ya sauka a filin jirgin Kano, ya ga ganuwa da kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, ya kwana a Bagauda, ya shiga jirgin ruwa a Tiga, ya wuce Falgore kallon dabbobi.

Labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne cewa an gina Rock Castle ne domin saukar Sarauniyar Ingila. Abin da yake tabbas shi ne Sarauniya Elizabeth ta zo Kano a 1956, lokacin babu madatsar balle otal, kuma zuwanta Nijeriya na biyu, a 2003, taron ƙasashe renon Ingila ne ya kawo ta Abuja. Amma labarin ya faɗi gaskiya ta wata fuska. Ya nuna irin baƙon da aka yi wa shimfiɗa: babban mutum, daga nesa, wanda gwamnati za ta tarba.

A shekarun 1970 wannan lissafi bai zama wauta ba. Kuɗin man fetur ya ninka bayan 1973. Kano cike take da injiniyoyi da malamai da 'yan kasuwa daga Turai da Labanon da Indiya, masu neman inda za su yi ƙarshen mako. Filin jirgin Kano zango ne na jiragen da ke ƙetare Sahara. Matasan Turai suna ratso hamada da motoci ta Tamanrasat da Agadas da Damagaram su ɓullo Kano. Ma'aikatu da jami'o'i suna da kuɗin shirya taruka, kuma Bagauda ta zama matattararsu. Akwai ayari, ko da ba mai yawa ba ne.

Yadda ayarin ya watse

A watan Yulin 1975 juyin mulki ya kawar da Gowon da gwamnoninsa, Audu Baƙo ya koma gona har rasuwarsa a 1980. Daga nan ƙafafun da otal-otal ɗin suka tsaya a kansu suka riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka shiga tsuke bakin aljihu a 1982, sannan shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira. Ma'aikatan ƙetare suka tattara nasu ya nasu. Albashin ma'aikacin gida, wanda a da zai iya kai iyalinsa hutu, ya koma da ƙyar yake kai wata. Rushewar kasuwar kuza ta duniya a 1985 ta kashe abin da ya rage na harkar haƙa a Riruwai. A farkon shekarun 1990 tawayen Azbinawa a Nijar da yaƙin basasar Aljeriya suka rufe hanyar hamada. Jiragen sama masu dogon zango ba sa buƙatar tsayawa shan mai a Kano, kuma a 2012, shekarar da aka kai wa birnin munanan hare-haren 20 ga Janairu, kamfanin KLM ya daina zuwa bayan fiye da shekara sittin.

Ruwan ma ya yi nasa gargaɗi. A watan Agustan 1988, bayan mamakon ruwan sama, madatsar Bagauda ta ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. Bayan wasu 'yan shekaru aka rage tsayin mafitar rarar ruwa ta Tiga domin kauce wa irin wannan, abin da ya rage yawan ruwan da take riƙewa. Otal ɗin Bagauda daga ƙarshe ya bar sana'ar baƙi, ya zama reshen Kano na Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Falgore kuwa, da masu gadin daji suka yi ƙaranci, mafarauta da masu sare itace suka rage dabbobinsa, daga baya ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da shi mafaka, har matafiya a hanyar Kano zuwa Jos suka riƙa gudun kada dare ya yi musu a cikinsa. A zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje aka mai da wani sashensa filin atisayen soja. An samu sauƙin hanya, amma wurin da aka tanada don kallon gada da gwanki ya zama wurin koyon harbi.

Funshal ma ta sha irin nata. Yaƙin duniya biyu sun yanke mata baƙi, jiragen ruwa na fasinja sun gushe, kuma a Fabrairun 2010 ambaliya ta ratsa tsakiyar birnin ta kashe mutane fiye da 40. Bambancin shi ne duk lokacin da hanya ɗaya ta mutu, akwai dubban iyalai da tukunyarsu ta dogara ga baƙo, masu matsa wa hukuma lamba ta buɗe wata. Da jirgin ruwa ya ja baya aka buɗe filin jirgin sama a 1964, aka kuma tsawaita titinsa a kan ginshiƙai bisa teku a 2000. A Tiga, gwamnati ce ta gina otal, ita ke tafiyar da shi, kuma ita ce babbar mai kama ɗaki. Ranar da aljihunta ya bushe, mai gida da baƙo suka talauce tare, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye ba su yi asarar abin da zai sa su tada jijiyar wuya ba.

Madatsar kuwa tana da masu ita. Idan kanal ya toshe ko ruwa ya makara, manoman Kura da Bunkure da Garun Malam ba sa barin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta yi barci. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da injinan casar shinkafa na Kura duk daga wannan ruwa suke ci. Masunta suna fita kullum. Abin da jama'a suke ci daga gare shi, shi suke tsarewa.

Baƙon da aka manta

Duk da haka, ba a daina zuwa Tiga ba. Ɗalibai suna zuwa rangadin ilimi a motocin makaranta. Samari da 'yan mata suna zuwa da bikin Sallah. Masu shirya finafinan Hausa sun daɗe suna amfani da ruwan da duwatsun. Mai neman kifi sabon kamu ya san hanya. Mutanen da aka ce ba su da al'adar kallon ruwa da dutse, ga jikokinsu nan riƙe da waya suna ɗaukar hoto, domin gani ya kori ji. Sai dai kusan dukkansu da rana suke zuwa, kafin magariba sun juya. Ba su tarar da inuwa mai tsabta da iyali za su zauna ba, ko makewayi, ko wurin salla mai kyau, ko jirgin ruwa mai rigar kariya, ko ɗakin da magidanci zai amince ya kwana da matarsa da 'ya'yansa a farashin da zai iya biya.

Wannan shi ne ayarin Tiga na gaskiya: birni mai miliyoyin mutane, a tazarar da ba ta kai awa biyu ba, wanda zafin bazara yake gasawa daga Maris zuwa Mayu, wanda kuma masu hali daga cikinsa suke kai kuɗin hutunsu Dubai da Alƙahira. Duk lokacin da aka tashi maganar farfaɗo da wurin, hankali yakan koma ga babban gini da baƙon ƙetare, wato shimfiɗar 1974 ake son sake yi. Tarihin Bebeji da na Funshal suna nuna wata hanya: a fara da wanda ya riga ya zo, a ba shi dalilin ƙara awa biyu, sannan dalilin kwana, a kuma bar mai kwalekwale da mai gasa kifi da mai ɗakin haya su ci riba, domin su ne za su tsare wurin ranar da gwamnati ta sauya.

Audu Baƙo ya hango daidai cewa kudancin Kano yana da abin kallo. Tsohon dutsen Riruwai yana nan, dajin yana nan ko da ya rame, ruwan yana nan. Abin da ya ɓace a lissafin shi ne fatoma.